Yadda Muka Je Akra Binciken Sana'ar Nura

Ƙarar cokali ce ta fara komai. Maigidana Malam yana zaune a tabarma da safe yana juya shayinsa, cokali yana ta bugun kofi ba tsayawa. Shayin nan kuwa babu sukari a ciki, likita ya hana shi tun tuni, don haka babu abin da ake juyawa. Na daɗe da zama da mutumin nan. Idan na ji cokali yana wannan kukan, na san magana ce ta tsaya masa a wuya.

Tun da muka dawo, matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta biyo ni har madafa, kowa tana son jin yadda Gana take da abin da ya kai mu. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya isa gida na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Safiya 'yar ƙanin Malam ce. Mahaifinta ya rasu tana 'yar ƙarama, muka ɗauko ta, a hannuna ta girma har ta gama karatun jinya. Wanda take so kuwa Nura ne, ɗan Auyo. An san gidansu, an san kakanninsa, masunta ne da manoman shinkafa, babu wanda ya taɓa jin abin kunya a kansu. Abu ɗaya ne ya tsaya: sana'arsa. Yana aiki a Akra, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce aikin kwamfuta ne. Malam ya kira shi a waya ya tambaye shi da kansa. Nura ya ce yana gwada wasu ƙananan ƙarafa ne masu aika saƙo da haske. Malam ya ce ya turo hoton wurin aikin. Nura ya ce an hana ɗaukar hoto a wurin.

Wannan amsar ce ta sa cokali kuka. A majalisar su Malam har wani ya ce ai samarin da ke damfarar mutane ta waya haka suke cewa, aikin kwamfuta.

Malam ya ajiye kofin ya ce da ni, "Marainiya ce. Ba zan tsaya gaban Allah in ce na ba da ita ga wanda ban san abin da yake ci ba. Zan je in gani da idona. In ban gane ba, babu aure."

Safiya tana bayan ƙyaure tana ji. Da ya fita ta zo ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Umma, ki bi shi. Baba in ya ga abin da bai gane ba, juyowa zai yi kawai." Na ce da Malam ai mai ciwon sukari ba ya tafiya babu mai kula da cikinsa. Da wannan hujjar na samu kujera a mota.

Daga Haɗeja zuwa Kano babu labari, hanyar da muka sani ce. A Kano muka shiga doguwar motar Ikko. Na ɗauko guzuri kamar mai ƙaura: busasshen kifi, dambun nama, garin kunu, turaren wuta da ɗan kaskona na lantarki wanda ba na rabuwa da shi. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Indo, 'yar kasuwa mai sarin atamfa a Kwatano, mace mai murya kamar lasifika. Kafin mu kai Zariya ta san sunan Safiya da na Nura da duk abin da ya fito da mu.

Ta ce, "Ke dai 'yar'uwa, ni mijina da aka yi bincike an ce tela ne. Har ya rasu ban ga ya zura zare a allura ba, Allah ya jiƙansa."

Malam ya yi kamar yana barci, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Ikko ba zan ce na gan ta ba, jin ta na yi. Ban taɓa sanin mutane za su iya yin sauri haka ba tare da gobara ta tashi ba. Hajiya Indo ta ja mu kamar awakinta har motar da ke bin bakin teku. A iyakar farko na ga amfaninta. Ta ce in riƙe fasfo da katin rigakafi a hannu, kada in yi magana sai an tambaye ni. Aka zo kan jakar kifina. Wata ma'aikaciya ta buɗe, ƙamshi ya buge ta, ta ja da baya, sannan ta sake matsowa. Ta tambaya kifin ina ne. Na ce na kogin Haɗeja ne, tarwaɗa ce da aka ƙyafe da kyau. Ta ce uwarta ma sana'arta ke nan, ƙyafe kifi, amma na teku. Muka tsaya ni da ita muna musu a kan wanda ya fi daɗi a miya, layi yana jira a bayana, har Malam ya yi gyaran murya. Ta ɗaure mini jakar da kanta, ɗauri mai kyau irin na 'yar mai kifi.

A Kwatano muka rabu da Hajiya Indo. Ta rungume ni ta ce, "In yaron ya yi, ki kira ni biki. In bai yi ba, ina da ɗa." Daga nan muka zama kurame, kowa Faransanci yake yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mata a kan babur, su ke tuƙawa, goyo a baya, kwando a gaba. A wurinmu sai dai a ɗauko mu a baya muna riƙe da mayafi da haƙori. A hanyar Lome na fara ganin teku sosai. Ni da na tashi ina ganin ambaliya tana shanye fadama har kwale-kwale ya bi ta inda babur yake bi, na ɗauka na san ruwa. Sai na ga wanda babu ɗaya gaɓar. Na yi tasbihi. Malam ya duba ya duba, ya ce, "Duk wannan, ba ya shayar da ko fangali ɗaya na shinkafa."

Sai da muka tsallaka iyakar Gana Malam ya yarda a kira Nura, don a cewarsa bincike ba a yin sa da sanarwa. Na ji muryar yaron a waya ta sarƙe. Da muka isa tasha yana tsaye yana jira, siriri, dogo, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a ya gaishe mu, mutanen gari suna kallonsa.

Ya sauke mu a zango, unguwar Hausawan garin, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Mma. Hausa take yi, amma irin tasu, sai na kasa kunne sosai nake kamawa. Ta ce kakanta daga ƙasar Hausa ya zo fataucin goro bai koma ba. Da safe ta kawo mana koko da ƙosai, na ji kamar ina gida, sai dai kokonsu ya fi namu yaji. Da rana aka kawo shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, aka zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi, duk a kwano ɗaya. Na ce wannan ai abincin gida uku ne aka haɗa. Na hana Malam rabi saboda sukarinsa, ya bi kwanon da kallo har na tausaya masa. Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawon masara. Shi kam na ci ne don kada Mma ta ji babu daɗi.

Washegari Nura ya kai mu wurin aikinsa. Ƙaramin kamfani ne, mai shi wata mata ce da suke kira Madam, ofishinta yana sama. Ɗakin Nura yana ƙasa, fari fat, da sanyi, ga tebur dogo. Ya ɗauko ɗaya daga cikin ƙarafan da yake gwadawa ya ɗora a tafin hannun Malam. Ɗan ƙarfe ne, tsawonsa kamar yatsa, ya yi kama da abin yanke farce. Ya ce sunansa taransiba. A bakinsa akwai wata 'yar baƙar roba. Da ya cire ta sai ga ramuka biyu.

"Baba, wannan ido yana aika haske, wannan yana karɓa. Na'ura tana ba shi saƙo da lantarki, shi kuma ya mayar da shi haske, ya tura cikin wannan zaren." Ya nuna mana wata siririyar waya mai launin shuɗi-kore, ya ce a cikinta akwai zaren gilashi mai kaurin gashin kai. "A ɗaya bakin akwai ɗan'uwansa, shi zai karɓi hasken ya mayar da shi lantarki. Amma kada a leƙa ciki idan yana aiki. Hasken ba ya ganuwa, kuma yana iya cutar da ido."

Malam ya gyara zama, na ga abin ya fara shigarsa. Ya ce, "Wato da wannan ake magana da Makka da ƙasar Turawa?"

"A'a Baba, akwai masu zuwa nesa, amma ni ba su nake yi ba. Nawa na kusa ne. Daga wannan na'ura zuwa waccan, a cikin gini ɗaya."

"Kamar daga ina zuwa ina?"

Nura ya yi ɗan tunani. "Kamar daga ƙofar gidanku zuwa masallacin unguwa. Wani ma bai kai haka ba."

Malam ya mayar masa da ƙarfen. Ya ce, "Ka bar Auyo, ka tsallake iyaka uku, don ka kai saƙon da yaro zai kai da ƙafa?"

Nan take na tuna maganar Safiya. Allah ya taimaka aka kira Azahar a wani masallaci can nesa. Nura ya ce zai raka Malam, ni kuma ya shimfiɗa mini dardumarsa a kusurwar ɗakin, inda yake sallarsa in aiki ya riƙe shi. Kafin mu zo yana cikin duba wasu ƙarafan ne da za a kai washegari, ya jera su a faranti biyu, duk ya cire musu robar baki. Zuwanmu ya ruɗa shi, ya fita ya bar su haka.

Na idar da salla na zauna ina kallon ɗakin. Babu labule, babu ƙamshin komai, sai sanyi da warin ƙarfe. Tausayin yaron ya kama ni. Na ce ga ɗan mutane yana wuni a nan kamar a cikin firji, babu uwa babu mata. Mu kuwa a Haɗeja ko ɗakin baƙo ba a bari ya kwana babu turare. Na buɗe jaka na ciro kaskona, na jona a bango, na zuba turaren da na haɗa da hannuna, mai hawi da sandal, na ƙara don ɗakin yana da girma. Hayaƙi ya tashi gwanin kyau. Har ina cewa a raina in sun dawo za su ji bambanci.

Sai wani abu mai jin hayaƙi da ke silin ya fasa ihu. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Na miƙe ina salati, na rasa ƙofa. Ashe sun dawo har sun kusa ƙofa, Nura ya shigo da gudu, Malam yana bayansa, takalmi ɗaya a ƙafa. Yaron ya zare kaskon daga wuta, ya juyo ya ce, "Umma, ba ki ƙone ba?" Na ce a'a. Sannan ya dubi farantan nan. Na ga fuskarsa ta canza.

Madam ta sauko. Gajeriya ce, mai tabarau, ta fara faɗa tun daga matakala. Turancina na sakandare bai mutu ba, na ji duk abin da Nura ya gaya mata. Ya ce baƙuwarsa ce ta kunna turare, shi bai gaya mata an hana ba, kuma shi ya fita ya bar kayan a buɗe. Ya ce zai sake duba su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai gyaru ba zai kawo mata. Ta wanke shi tas a gabanmu, a gaban mutumin da yake neman auren 'yarsa. Shi dai "To, Madam" yake cewa. Da ta gama ta shaƙi iska, ta dube ni ta ce ƙamshin dai yana da daɗi, amma ba a nan ba.

Na fashe da kuka. Nura ya ce, "Umma, don Allah ki daina. Rabon da in ji wannan ƙamshin tun ina ɗakin innata. Zo ki taya ni, hannu biyu ya fi."

Haka muka wuni. Yana da wata na'ura da yake sokawa a bakin ƙarfen, sai hoton idon ya fito a allo, babba, kamar farin wata. Ya nuna mana na farko, duk ɗige-ɗige. Ya ce hayaƙin turare yana da maiƙo, in ya sauka a idon sai haske ya kasa wucewa sosai, saƙo ya riƙa zuwa a karye. Sai ya ɗauki wani abu kamar alƙalami ya danna a ramin, ya yi ƙas, ya sake dubawa. In ya fita fes, ya jona shi a na'urar gwaji, sannan ya miƙo mini in toshe bakin da robarsa. Na wanke hannu, na zauna ina toshewa da bisimilla kamar mai rufe tulu.

Malam da farko yana gefe, hannu a baya. Can ya jawo kujera. Can kuma sai na ji shi yana cewa, "Akwai saura, ga shi nan ta hagu." Ya tambaya su nawa ne irin waɗannan a inda ake kai su. Nura ya ce ba su ƙirguwa da ido, kowace na'ura tana magana da 'yan'uwanta ta cikinsu, dare da rana. Saƙon da ya taso daga nesa, in ya iso ginin, sai ya bi ta waɗannan gajerun hanyoyin kafin a samo amsarsa a mayar.

Malam ya ce, "Kamar kogi da magudana ke nan. Kogi ya kawo ruwa tun daga Kano, amma in 'yar magudanar da ke shiga fangalinka ta toshe da kacalla, shinkafarka ta mutu, kogi yana cike a gabanka."

Kacalla ita ce ciyawar nan da ta addabi fadamarmu, mai cushe hanyoyin ruwa. Nura ya yi dariya karo na farko tun zuwanmu. Ya ce, "Wallahi Baba haka ne. Ni ma da na fara, da yasar magudanar gonar babana nake kwatanta shi."

Wajen La'asar aka samu guda biyu da suka ƙi fita. Ya goge, ya sake gogewa, ɗan ɗigo yana nan. Ya ajiye su gefe zai kai wa Madam. Malam ya dube shi ya ce, "Yaro, wannan ɗigon ko ƙwayar gero bai kai ba. Ka zuba su cikin sauran mana, wa zai gani? Ka huta da faɗan matar nan."

Na san Malam, na san gwaji ne, amma Nura bai sani ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yau ba wanda zai gani. Amma wata rana wata za ta tsaya a asibiti ana neman bayanin jinin ɗanta a kwamfuta, abu ya ƙi fitowa, ba ta san daga ina ba ne. Ni kuwa na sani." Ya ɗauki biyun ya hau sama. Muna jin muryar Madam ta sake tashi.

Malam ya matso kusa da farantin. Ya ɗauki roba ɗaya ya toshe bakin na ƙarshe da kansa.

Kashegari Madam ta nemo mana izini muka raka Nura babban ginin da ake kai kayan, inda bankuna da asibitoci ke ajiye bayanansu. Aka karɓe wayoyinmu a ƙofa, nan na gane zancen hana hoto. Jakata ma aka riƙe, Nura ya yi musu bayani yana murmushi, ban tambayi me ya ce ba. Ta bayan gilashi muka tsaya. Layi-layi ne na baƙaƙen akwatuna masu tsayin mutum, fitilu ƙanana kore suna ƙyaftawa, wayoyin nan shuɗi-kore an tsefe su an ɗaure kamar kitso. Muna kallo Nura ya durƙusa gaban wani akwati, ya cire robar da na sa da hannuna, ya zura ƙarfen, ya jona zaren. 'Yar fitila ta kama. Ban san lokacin da na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har mai gadi ya waiwayo.

Na bar wa Mma kifin da sauran turaren, ta cika mini jaka da baƙin yajinsu. Duk tsawon hanyar dawowa Malam bai ce mini ga abin da ya yanke ba, ni kuma ban tambaya ba. Na dai lura a Lome ya tsaya ya sayi atamfa turmi biyu, shi da bai taɓa sayen zane da kansa ba.

Mun iso Haɗeja da yamma. Safiya ta karɓi jakunkuna tana satar kallon fuskata. Malam ya yi alwala ya yi salla, ya zauna a tabarmarsa, sannan ya sa aka kira ta. Ya ce, "Na ga sana'arsa. Yasar magudana yake yi, irin ta kakanninsa, sai dai tasa haske ne ke bi. Halal ce. A gaya wa mutanen Auyo su turo."

Safiya ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki. Gida ya kaure da guɗa. Ni kuwa ina zaune a bakin madafa sai lissafin hanyar ya dawo mini, Kano, Ikko, iyaka bayan iyaka, ga teku. Ashe da ƙafata na je na buɗe hanyar da za a ɗauke mini yarinyar da na goya. Hawaye suka zubo, ina murna ina kuka.

Jikata Hanifa, 'yar babban ɗana, wadda ko makaranta ba ta fara ba, ta zo ta tsaya a gabana tana lasar yajin Gana a yatsa. Ta tambaya me aka yi mini. Na ce babu komai, Anti Safiya ce za ta tafi gari mai nisa.

Ta sa hannunta mai yaji ta share mini kumatu, ta ce, "To Kaka ki daina kuka mana. Ai yanzu kin san hanya, sai ki riƙa kai ni."